Awaki Bakwai da Suka Rage wa Dakta Abdulrahim

Jawabin da Malam Jalo, tsohon malamin dabbobi, ya yi a ƙofar gidan marigayi Dakta Abdulrahim Sherif a Azare, ranar Alhamis da ya cika kwana arba'in da rasuwa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Hakimai da dagatai da kuka taso daga Katagum da Gadau da Zadawa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Baƙinmu daga cibiyar binciken da marigayi ya yi wa aiki shekara ashirin da shida, sannunku da hanya. Shugabannin makiyaya, sannunku. Alhaji Babakura, yayan marigayi, wanda shi ne uban gidan nan a yau. Ɗana Najmuddeen, babban ɗan marigayi, kai da ƙannenka. Hajiya Ya Gana, kina cikin gida kina takaba, amma na san lasifikar nan tana kai miki. Iyayenmu mata da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Sunana Jalo. Shekara talatin da biyar na yi ina malamin dabbobi, goma na ƙarshe kuma, har bayan na ajiye aiki, ni ne mai riƙe wa Dakta wuyan akuya idan zai ɗebi jini. Waɗanda suka shirya taron nan sun ba ni takarda shafi biyu, an buga ta da kyau, wai in karanta. Na karanta ta a gida. Babu ƙarya a cikinta, amma babu akuya ko ɗaya, kuma duk wanda ya san Abdulrahim ya san ba a zancensa babu akuya. Na ninke ta, ga ta a aljihuna. Raina a ɓace yake, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya ɓata min rai yana bayan katangar nan da kuka jingina kujerunku: tsofaffin awaki bakwai a kulle. Jibi Asabar za a raba gado da su, mahauta har sun zo sun latsa cinyoyinsu. Su kaɗai suka rage daga aikin shekara goma. Bari in faɗa muku yadda aka yi, wanda zai ji haushina ya ji.

Marigayi ya kasance ɗan garin nan. Kakansa ya taso daga Borno ya zauna a Azare, a nan aka haifi mahaifinsu, a nan aka haife shi. Ya yi karatun likitan dabbobi, aka ga ƙwaƙwalwarsa aka tura shi ƙasar waje, ya yi shekara biyar yana nazarin abu guda: yadda jikin dabba yake tuna cutar numfashi bayan ya taɓa haɗuwa da ita. Can suka ce ya zauna, ga aiki ga gida. Ya ce a'a, awakin da yake son yi wa aiki ba a can suke ba. Ya dawo mana da jaka biyu, ɗaya duk takardu.

Kun san cutar da nake nufi, ba sai na kira ta da sunan asibiti ba. Wadda take farawa da majina da kwantsa, sai tari, sai baki ya tsage, sai zawo, cikin mako guda mace ta wayi gari turakunta sun zama itace kawai. Akwai allurar rigakafinta, amma ba ta taɓa isar mu. A kowace shekara a kawo kaɗan, mu bi garke muna soka wa babba da ƙarama, wadda aka yi wa bara da wadda ba a taɓa yi wa ba, kafin mu kai ƙauye na huɗu ta ƙare. Ranar da na fara jin Dakta yana bayani a dandalin Gadau, cewa ya yi: “Jikin akuya yana da 'yan sintirinsa. Idan aka yi mata allura, an nuna musu fuskar ɓarawo ke nan. Ni abin da nake son sani, shekara nawa suke yi kafin su manta fuskar? Idan har ta tsufa ba su manta ba, to mu daina ɓata allura a kan manya, mu bi ƙanana kawai, sai ta kai ƙauye goma maimakon uku.” Wani Bafulatani ya ce, “To Likita, tambayi akuyar mana.” Aka yi dariya. Dakta ya ce, “Ai ita zan tambaya, Baffa. Matsalar, ba ku barin ta ta tsufa.”

Gaskiya ya faɗa. Wa ke ajiye tsohuwar akuya a ƙasar nan? Da ta haihu huɗu ko biyar, sai kasuwa ko wuƙa. Shi kuwa aikinsa ba ya yiwuwa sai da akuyar da aka yi wa allura sau ɗaya tana ƙarama, aka bar ta ta rayu har haƙoranta su zube, ana ɗiban jininta duk wata shida ana dubawa.

Ya je wa cibiyarsa da maganar. Baƙinmu, ku yi haƙuri, ba zan kira sunan kowa ba, amma kun san takardar, wani a cikinku ma ya sa mata hannu. Ya nemi fili da shinge, aka ce babu. Ya ce to a rubuta awakin da sunan cibiya, shi zai nemo masu kiwo. Aka ce dabbar da ba ta cikin shingen cibiya ba ta shiga rajistar cibiya. Babu shinge, sannan babu rajista sai da shinge! Haba jama'a, wannan wace irin magana ce? Sai ya sayi 'yan awaki ɗari da ashirin da sunansa, muka yi musu allura, muka maƙala wa kowace 'yar roba mai lamba a kunne, ya raba su kiwo ga matan ƙauyuka kamar yadda iyayenmu suke yi. Sai dai shi nasa kiwon daban ne. Ya ce duk abin da ta haifa naki ne, ba na son ko ɗaya. Uwar ce tawa. Kada a sayar, kada a yanka, kuma a bar ni in zo in ɗebi jini.

Ya kasance mai haƙurin da har yake ba ni haushi. Abokan karatunsa suna binciken wata uku su rubuta, a ƙara musu girma. Shi nasa sai an jira shekaru kafin ya samu abin faɗa, sai aka riƙa tsallake shi, har waɗanda ya koyar suka wuce shi. A ofis ana ce masa mai gidan gajiyayyu. Na ce masa, “Dakta, ka yanko wani abu daga ciki ka rubuta mana, ko ka huta da gori.” Ya ce, “Malam, in rubuta me? Cewa har yanzu ban sani ba?”

Ya kasance ba ya aiken kowa inda zai iya zuwa da kansa. Da damina hanyar Katagum ta yanke wajen kogi, muka bar babur a gidan wani masunci, muka shiga kwalekwale, kular jini a kan cinyarsa ya rungume ta, takalmansa kuwa ya bar su a gaɓa bai ma tuna ba. Haka ya shiga gidan Inna Kaltum ƙafa duk taɓo. Inna Kaltum ga ta can zaune a bakin zaure, ita ce ke kiwon lamba arba'in da bakwai. A shekarar da mijinta ya kwanta ciwo babu abin da ba ta sayar ba, har tabarmar ɗakinta. Wani dillali ya zo ya taya akuyar, ta ce masa, “Wannan ba akuya ba ce, karatun Likita ne. Fita min.” Da Dakta ya ji labari sai ya zauna a kan turmi. Daga 'ya'yan akuyar nan Inna ta sake tara garke.

Shekara goma. Wasu kura ta ci, wasu haihuwa ta kashe, wasu tsufa. Ranar da Allah ya karɓi ransa, bayan jinyar kwana biyu kacal, talatin da ɗaya ne suka rage. Ya sha gaya mini cewa saura ɗiba biyu ya rufe littafi.

To, yanzu ku saurara, nan ne laifinmu ya fara, kuma nawa ya fi na kowa. Matan nan masu amana ne. A al'adarmu, idan mai dabba ya rasu, mai kiwo ba ta riƙe ta, sai ta mayar wa magada. Washegarin jana'iza sai ga a-kori-kura daga Katagum, ga wata daga Zadawa, matan Gadau kuwa da ƙafa suka jawo nasu. Inna Kaltum ta miƙa igiya tana kuka, ta ce, “Ga kayan Likita, kada Allah ya kama ni da su.” Ina zaune a nan, daidai inda liman yake yanzu. Na gan su suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da suke. Zuciyata ta ce tashi ka yi magana, sai na ce kai Jalo, mutum jiya aka binne shi, ka tashi cikin masu ta'aziyya kana zancen awaki? Me za a ce da kai? Bari a share makoki. Kunya, jama'a. Kunya ce ta rufe min baki, kuma wallahi har in mutu ba zan yafe wa kaina ba.

Ranar sadakar uku aka fito da abinci. Na ci. Ranka ya daɗe, kai ma ka ci. Baƙinmu na cibiya, kun zo da mota biyu, kun ci, na ma ji wani yana cewa naman da tauri. Dole ya yi tauri, shekararsa goma! Na zagaya baya in wanke hannu, sai na ga kawuna a jere ana shirin babbaka, kowane kunne da 'yar robarsa. Guda tara. Na sunkuya na juya ɗaya, lamba arba'in da bakwai. Da hannuna na huda kunnen nan. Matar da ta hana kanta ita cikin yunwa ta kawo mana ita amana, muka cinye ta da shinkafa cikin kwana biyu.

Ran nan kam na yi magana, har da ihu. Aka ce Malam Jalo baƙin ciki ya taɓa shi, a kai shi gida. Da na dawo aka ce min, cikin ladabi dai, ni ba magaji ba ne. Na ruga cibiya, na ce ku zo ku ce naku ne. Aka buɗe rajista aka nuna min babu su. Na ce to ku rubuto wasiƙa layi biyu kawai, ku roƙi iyalin su dakata. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kafin ya dawo an kai goma sha biyar kasuwa, wai tsofaffi ne, ciyar da su wahala. Na bi sawunsu har wajen masu lodin motocin kudu, aka ce sun tafi tun shekaranjiya. Yau kuma kun zo kuna cewa za ku sa sunansa a ɗakin taro. Ku riƙe ɗakinku! Yana da rai ya roƙe ku shinge, waya da itace, kun hana shi.

Saura bakwai. Ga kuma abin da ya sa na ƙi karanta takardar kwamiti. Kwana goma sha biyu da suka wuce, aka sayo raguna biyu a kasuwa domin sadakar yau, aka ɗaure su ɗaki ɗaya da awakin gida da tsofaffin nan. Ashe ragunan da cutar suka zo. Kada hankalinku ya tashi, ba su aka yanka muku ba, an binne su, kuma cutar ba ta kama mutum. Amma ta kama awakin Hajiya guda takwas, matasa masu ƙiba waɗanda ba a taɓa yi wa allura ba. Biyar sun mutu, uku suna kwance. Tsofaffin nan bakwai kuwa, kwano ɗaya suke shan ruwa da marasa lafiyar, numfashi ɗaya suke shaƙa. Na leƙa ta saman katanga da safen nan. Suna tsaye suna tuƙa, hancinsu a bushe.

Kun gane abin da nake faɗa? Abin da mutumin nan ya yi shekara goma yana jira, wanda ba zai taɓa haɗa shi da gangan ba don yana tausayin dabba, ya faru a cikin gidansa, wata guda bayan mun sa shi a ƙasa. Ni ba masani ba ne, ba zan ce muku an samu amsa ba. Ido ba hujja ba ne a wannan aikin, jini ne hujja. Dakta Jamila Abdulsamad, abokiyar aikinsa, wadda duk jinin shekara goman nan yake ajiye a hannunta, ta ce 'yan sintirin nan yanzu suke a farke, yanzu ne za a gan su a jini a gwada da na baya, in aka yi jinkiri za su koma su kwanta. Ga motarta can ƙarƙashin dalbejiya, kula da ƙanƙara da sirinji duk suna ciki. Sau uku tana zuwa gidan nan. Sau uku ana ce mata ba a taɓa dukiyar magada kafin rabo, akwai marayu a ciki. An sa wa ɗakin kwaɗo.

Alhaji Babakura, ka girme ni, kuma na san tsoron Allah ne ya sa ka kulle ƙofar nan, ba mugunta ba. Kai ka goya Abdulrahim, kai ka kai shi makaranta a keke. Amma don girman Allah, Alhaji, amsa min. Da aka yanka tara, ba dukiyar marayu ba ce? Da aka loda goma sha biyar a mota, ba dukiyar marayu ba ce? Sai cokali guda na jini daga wuyan akuya, wanda ko ita ba za ta san an ɗiba ba, shi ne ya zama abin tsoro? Malamai, ga ku nan zaune, in na yi kuskure ku gyara min a gaban jama'a.

Najmuddeen, ɗana, ɗago kanka ka dube ni. In aka sayar da su jibi, abin da zai zo hannunku ba zai kai ku ƙarshen wata ba. In aka bar su, shekarun mahaifinku goma ne za su tsira, da awakin matan da ba su taɓa jin sunansa ba. Abu biyu muke roƙo, mu da muka yi aiki da shi da matan da suka yi masa kiwo. A buɗe a ɗebi jini yau. Sannan idan cutar ta lafa, a mayar da su hannun masu kiwonsu su ƙarasa shekarar da ta rage. Suna nan a matsayin naku, ba wanda zai ƙwace muku.

Alhaji, makullin yana aljihunka. Na tsaya, zan jira. Shugaban taro, ka daina nuna min agogo, na gani. Kwana talatin da tara da suka wuce na yi shiru a wurin nan don kada a ce ba ni da kunya. Yau a ce.

Subhanallahi! Ƙarar mene ne wannan daga cikin gida? A zauna, a zauna, jama'a, ba faɗa ake ba. Ga Inna Kaltum ta fito. Ashe tun ɗazu ta shige ciki. Inna, matso kusa, me ke hannunki? Faɗi, zan maimaita musu.

Jama'a, kwaɗon ne. Ta ce Hajiya Ya Gana ce da kanta ta ɗauki taɓarya ta fasa shi. Ta ce Hajiya ta ce a gaya wa Yaya Alhaji ya yafe mata, ba raini ba ne. Ta ce ita ta san daren da mijinta bai yi barci ba saboda awakin nan, ita ta san ranakun da ya fita bai karya ba. Idan akwai alhakin marayu a cikin jinin, ta ɗauka a wuyanta, 'ya'yanta ne, ita za ta amsa a gaban Allah.

Alhaji, me ka ce? Ƙara ɗaga murya, ranka ya daɗe. To. Alhaji ya ce a shiga. Ya ce maganar rabo kuma, a cire awakin daga na jibi, za su zauna da malamai da yaran. Allah ya saka maka da alheri, Alhaji. In na ɗaga maka murya a ƙofar gidan ƙaninka, ka yafe min. Hajiya, ban da abin da zan ce miki. Abin da ya kamata mu maza mu yi tun ranar farko, mun bar ki kin yi shi kina cikin takaba.

Kada wani ya tafa, don Allah. Ba abin tafi ba ne. Talatin da ɗaya ya bari, bakwai za mu miƙa, kuma Dakta Jamila ta gaya min gaskiya, bakwai sun yi kaɗan, mai yiwuwa masana su karɓa, mai yiwuwa su ce a sake daga farko. In sun ce a sake, shekara goma ce kuma, ni ba zan gani ba. Baƙinmu na cibiya, ku koma da wannan, ku faɗa yadda na faɗa, kada ku gyara.

Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba, hakimai, malamai, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo, iyalin marigayi suna godiya, ni ma ina godiya da kuka jure min. Matan Katagum da Gadau da Zadawa, ku kun cika amana, mu ne muka gaza, ku yafe mana.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Abdulrahim, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa wahalar da ya sha a kan dabbobin talakawa ta zama masa sadaka mai gudana. Ka ba Hajiya da Alhaji da yaran nan haƙurin rashinsa, ka shirya masa zuri'arsa. Ka yafe mana sakacinmu. Ya Allah, na yi shekara saba'in ban taɓa roƙa wa akuya tsawon rai ba, yau ina roƙo: awakin nan bakwai, ka bar mana su su ga baɗi. Amin, ya Rabbal alamin.

A ɗage kujerun nan na bakin zaure, a ba Dakta Jamila hanya. Najmuddeen, cire babbar rigarka ka biyo ni, yau kai za ka riƙe wuya.